Amanar Fatoma da Littafin Bashin Mai Shayi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya raba arzikin bayinsa a cikinta, ya sanya abincin wani a gona, na wani a kasuwa, na wani kuma a bakin hanya. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaida da riƙon amana tun yana fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Hadiza, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Abin da ya jawo wannan nasiha wani littafi ne da ke ajiye a zaurenmu yau kusan wata biyu. Irin kayen nan ne na ƴan lakwal, bangonsa ya yi baƙi da maiƙo, kowane shafi da tabon shayi. Mai shi wani bawan Allah ne da ya daɗe yana kafa teburin shayi da burodi da ƙwai a gefen masallacin unguwarmu, wanda duk mai fitowa sallar asuba ya san hayaƙin murhunsa. Wani dare bayan isha'i ya yi mana sallama, ya durƙusa muka gaisa, sai ya ce: "Allah ya gafarta Malam, sallama na zo yi. Jari ya ƙare, gobe zan bi mota in tafi ci-rani." Sa'an nan ya zaro littafin daga aljihu ya ajiye a bakin buzu, ya ce: "Ga dukiyata nan duka. In Allah ya sa wani ya tuna, a karɓa a miƙa wa mai ɗakina."

Da ya fita muka jawo fitila muka buɗe. Ba za mu faɗi suna ko ɗaya ba, a nan ko a wani wuri, domin amana aka ba mu. Abin da za mu iya faɗi shi ne mafi yawan sunayen mun san masu su, kuma a sahun farko da na biyu muke ganinsu. Wannan dare barci bai zo da wuri ba. Muka dinga tunanin yadda aka yi garin da aka gina a kan amanar ciniki ya kai ga korar mai shayinsa da bashin kofi-kofi.

ABIN DA ZANGO YA GADA

Yaranmu da yawa suna faɗin Birni da Zango kamar sunayen unguwanni kawai, ba su san abin da ya raba su ba. Birni shi ne mazaunin sarauta, inda fadar Sarkin Damagaram take, cikin ganuwar da Sarki Tanimun ya ƙarfafa, shi da ya yi sarauta fiye da shekara 30 har ya rasu a 1884. Zango kuwa, kamar yadda sunansa ya nuna, masaukin ayari ne a wajen ganuwa. A nan raƙuman Abzinawa suke durƙusawa da gishirin Bilma da Fashi da dabinon Kawar. A nan kuma fataken da suka keto Sahara daga Tarabulus ta Gadamas da Gat da Agadas suke kwance kaya: yadi, da takarda, da duwatsun ado, da sauran hajar bakin teku. In za su juya su ɗauki jemammun fatu, da gashin jimina, da turkuɗin Kano, Abzinawa kuma su loda gero. Attajiran Gadamas har wakilai suke ajiyewa a garin nan. Sa'ad da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, sun iske manyan attajirai a Zango irin su Malam Yaro, waɗanda sunansu ya kai bakin teku.

Ba mu ce wancan zamani duka zuma ne ba. A kasuwannin nan an sayar da ƴaƴan mutane, har da waɗanda shari'a ba ta yarda a bautar ba, kuma wannan tabo ne da ba mu da ikon wankewa da daɗin baki. Amma akwai abu guda da magabata suka riƙe da kyau, shi muke so mu ɗauko.

Ku ƙaddara falke ya yi watanni a hanya, ya iso garin da ba shi da uwa ba shi da uba, wani ma ba ya jin Hausa. Wa zai ba shi ɗaki? Wa zai tsare masa kaya in ya kwanta? Wa zai gaya masa farashin gaskiya? Wannan shi ne aikin fatoma, wato maigidan baƙi. Fatoma ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya ba shi ma'aji, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta. Abin da ya fi duka nauyi, in za a ba da hajar bashi, fatoma ne yake tsayawa ya ce wane mutumin kirki ne, a ba shi. Ladansa la'ada ce da yake samu in ciniki ya faɗa. Babu banki, babu takardar notari, babu waya. Abin da ya riƙe wannan gini duka shi ne suna. In fatoma ya ci amanar baƙonsa, ko ya tsaya wa wanda bai biya ba, labarin zai bi ayari ya riga shi isa Agadas, baɗi kuma raƙuma su durƙusa a ƙofar wani. Mai saye ma haka: wanda ya taɓa cinye bashin baƙo, babu fatoman da zai sake buɗe baki dominsa. Amanar ta kasance igiya ce mai bakin biyu, ɗaya a hannun mai sayarwa, ɗaya a hannun mai saye, wanda duk ya saki nasa gefen kaya su zube.

Daga baya hanya ta juya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, haja ta koma shigowa ta teku daga kudu, ayarin Tarabulus ya mutu. A 1926 Nasara suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka kai Yamai. Amma baƙi ba su daina zuwa ba, kuma ba za su daina ba. Duk ranar Alhamis mutanen karkara suna cika kasuwar Dole daga wajajen Mirya da Magarya da Matamai da Tanut. Direbobin hanyar Yamai zuwa Difa da na Agadas zuwa Kano a nan suke yada zango. Ga ɗaliban jami'a daga sassan ƙasa, ga ma'aikatan matatar mai da aka buɗe a 2011 a hanyar Tanut, ga masu jinya da suka kawo marasa lafiyarsu babban asibiti suna kwana a gindin itace. To, su wa suka gaji fatoma a yau? Mai gidan saukar baƙi, da mai tuwo a tasha, da mai shayi, da mai tsire, da mai tebur, da ɗan kabu-kabu. Ko sun sani ko ba su sani ba, kujerar fatoma suke zaune a kai.

FARASHI BIYU

Bari mu fara da su, a taƙaice, tun da sun saba shan wa'azi.

Tayi da albarka halal ne. Mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya, a ja har a daidaita, wannan babu laifi ko ribar ta yi yawa, muddin kowa idonsa a buɗe yake. Amma malaman mazhabarmu ta Imamu Malik sun ware wani ciniki daban, wanda suke kira cinikin mai sakankancewa: mutum ya zo ya ce maka, ni ban san farashi ba, ka sayar mini yadda kake sayar wa mutane. Da ya faɗi haka ya ajiye makaminsa ya miƙa maka wuya. In ka ƙara masa a kan farashin gari ka ci haram, kuma in ya gane yana da ikon ya warware cinikin. Baƙon da ya sauko daga mota ya tambayi ɗan kabu-kabu nawa ne zuwa asibiti, ko ya zauna a benci ya ci tuwo bai tambayi kuɗi ba sai da ya wanke hannu, ai shi ne wannan mai sakankancewa. Wanda yake da farashi biyu, ɗaya na ɗan gari ɗaya na wanda harshensa ya nuna daga nesa yake, ya sani cewa abin da yake kira wayo shari'a ta ba shi wani suna.

Haka nan Manzon Allah (SAW) ya hana a tari ayari a hanya a saye kayansu tun ba su iso kasuwa sun ji farashi ba. Masu fita da asubar Alhamis suna tare mutanen ƙauye a bayan gari, a ce wa mai akuya ko mai buhun wake kasuwa ta faɗi alhali ba ta faɗi ba, su duba wannan hani da kyau. Ya kuma hana mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba, don dai ya ɗaga kuɗi a ruɗi wani, abin da wasu dillalai suka mayar sana'a a kasuwar dabbobi. Kowa kuma ya san ƙissar tarin abincin da Annabi (SAW) ya cusa hannunsa a ciki ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba inda mutane za su gani, ya kuma barrantar da al'ummarsa daga mai algus. Manyan tumatir a sama ruɓaɓɓu a ƙasa, tiyar da aka bubbuge gindinta, miyar jiya da aka ɗumama aka ce ta yau ce, man da aka soya har ya yi baƙi, duka ɗanshin nan ne. Sura guda Allah ya saukar da sunan masu tauye mudu, al'umma guda kuma, mutanen Annabi Shu'aibu, a kan ma'auni aka halaka su.

Akwai wani abu da ya keɓanta da garinmu. Kowa ya san wahalar ruwan Damagaram, musamman da bazara, sa'ad da famfo yake kwana da kwanaki bai zubo ba, bidon ɗan ga-ruwa ya yi tsada. Mun san wannan yana cin ribar mai abinci. Duk da haka bokiti ɗaya da aka wanke kwano da shi tun hantsi har la'asar ba uzuri ne a gaban Allah ba in cikin baƙo ya ɓaci. Gwamma ta ƙara dala biyar a kan kwano ta faɗi dalili, da ta sayar wa mutane ciwo da araha. Mai gidan saukar baƙi kuma kayan baƙonsa amana ne, sirrinsa amana ne, kuma ɗakin da ya san don saɓon Allah aka kama shi, kuɗinsa ba ya tsarkaka don an rubuta rasit.

ƊAYA BAKIN IGIYAR

Yanzu sai mu juyo kanmu, mu masu saye, domin mu ne muka fi yawa a masallaci, mu ne kuma wa'azi ya fi tsallakewa. Da wuya ka ji an hau mumbari an yi wa mai saye faɗa, sai ka ce shi ba a yi masa hisabi.

Mu ƙaddara mai shayi ya fara da jarin jikka 30: madara, sukari, ganyen shayi, ƙwai, gawayi, da burodin da yake karɓa kullum. Abin da yake samu a kan kofi ɗaya ƴan daloli ne. In mutum goma suka ci na dala 40 kowannensu suka ce a rubuta, jikka 2 ta fita daga tebur a safiya ɗaya. Kwana 15 a haka, uwar kuɗin duka ta koma cikin littafi. Mai gidan burodi ba ya karɓar littafi, mai kantin da ke ba shi madara ma haka. Sai ya rage madara, masu biya da kuɗi a hannu su ji shayi ya canja su koma wani tebur, ya rage daga shi sai masu bashi. Su kuma da bashin ya yi nauyi sai su sake hanya, su riƙa bi ta bayan masallaci don kada a haɗa ido. Ya rasa kuɗin, ya rasa masu cinikin, har gaisuwar ma ya rasa. Babu wanda ya yi masa sata a cikinsu, kowa ɗan kaɗan ya ci, amma taron ɗan kaɗan ɗin ne ya ɗora shi a mota.

Mun san inda wannan ɗabi'a ta yi ƙarfi. Muna ƴan makaranta sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kayan kanti suka yi tashin gwauron zabo, ma'aikata kuma a shekarun nan suna yin watanni ba albashi. Wa ya riƙe gidajen garin nan a lokacin? Masu tebur da masu awo da mahauta, da littattafansu na bashi. Allah ya saka musu da alheri. Haka suka sake yi da aka rufe iyaka da Najeriya a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Yuli na 2023, lokacin da kaya suka yanke. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma shari'a ba ta hana shi ba. Malaman mazhabarmu sun san irin wannan ciniki tun daga mutanen Madina, waɗanda suke karɓar nama kullum wajen mahauci a kan farashi sananne, su biya ranar da aka raba musu kasonsu daga baitulmali. Sai dai ku lura da sharaɗin: farashi sananne, lokaci sananne. "Sai Allah ya hore" ba ajali ba ne a fiƙihu.

Masu bashi iri biyu ne, kuma shari'a ba ta haɗa su a kwano ɗaya ba. Akwai wanda da gaske ba shi da shi. Wannan Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, ya yi umurni a saurara masa har ya samu, ya kuma nuna yafe masa ya fi alheri. Abin da ke kansa shi ne ya zo da ƙafarsa ya faɗi halin da yake ciki, kada ya ɓuya. Akwai kuma wanda yake da shi amma yana ja. Wannan Manzon Allah (SAW) zalunci ya kira jinkirinsa, hadisin yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. Da muka bi littafin nan shafi-shafi, wallahi kashi na biyu ya fi yawa. Mutumin da ake bi jikka 4 na shayi, a hannunsa akwai wayar da ta fi jarin teburin duka, kuma ba ya kwana bai sa mata kuɗin intanet ba. An yi biki ya ɗinka anko, layya ta zo ya ja rago mai ƙaho, da yamma yana fada ana dafa shayi shi ne mai sayen sukari. Kamfanin waya yana karɓar nasa kafin ya ba ka, mai gidan mai ba ya zuba maka sai ka biya, don haka ana biyansu. Wanda ake jinkirta wa shi ne wanda ya ji kunyarka. Ashe ke nan kunyarsa ce ta zama laifinsa.

A kan kunyar nan akwai abin faɗi. Da yawa cikin bashin da ake ci a unguwa ba da son ran mai kaya ake ba da shi ba. Dattijo ne ya zo, ko maƙwabci, ko surukin wansa, ko malamin da ya koya wa ɗansa karatu (mu ma ba mu fitar da kanmu ba), ya ɗauka ya ce rubuta, ba a ma tambaye shi ko ya yarda ba. Malamai sun bayyana cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, kuma abin da aka karɓa saboda mai shi ya ji nauyin hanawa, hukuncinsa yana kusa da na ƙwace. Haka gyaran da ake matsa wa mai awo sai ta ƙara, da tsiren da ake ɗanɗanawa yanka uku ba niyyar saye.

Wani abin mamaki kuma, mutum ya shiga babban kanti mai sanyi, ya ga farashi a liƙe, ya biya ko tari bai yi ba. Ya fito ya tarar da yarinya da farantin gyaɗa ko tsohuwa da ƙullin kuka, ya tsaya yana ja da ita a kan dala biyu har sai ta sallama don rana ta yi kuma ana jiranta da kuɗin cefane. Annabi (SAW) ya yi addu'ar rahama ga mutum mai sauƙi in zai sayar, mai sauƙi in zai saya, mai sauƙi in zai karɓi haƙƙinsa. Mun riƙe na farko muna karanta wa ƴan kasuwa, na biyun kuwa mun bar shi a cikin littafi.

Ya ku bayin Allah, al'amarin bashi ba ƙarami ba ne don kuɗin kaɗan ne. An kawo wa Manzon Allah (SAW) gawa, ya tambaya ko ana binsa bashi, aka ce ana binsa ƴan dinarai, ya ce sahabbai su sallaci mutuminsu, shi ya ja da baya, sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya sa'an nan ya yi masa salla. Ya kuma ba da labari cewa wanda ya yi shahada ana gafarta masa kome ban da bashi. Shi kansa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da ya ranci ɗan raƙumi, da wanda ya fi shi girma da kyau ya biya. Sa'ad da ya bar duniya sulkensa yana jingine wajen wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Shugaban halitta bai ce a rubuta kawai don shi ne wane ba, jingina ya ajiye.

GA MAI SON KAFA SANA'A

Matasanmu da yawa suna zuwa neman addu'a za su kafa tebur, ko rumfar abinci, ko wurin cajin waya. Muna yi musu, muna kuma murna, domin wannan ya fi zaman fada, ya kuma fi ratsa Sahara a bayan mota. Abdurrahman ɗan Aufu (RA) da ya iso Madina ba shi da kome, ɗan'uwansa na Ansar ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa, ya dawo da ɗan cuku da man shanu. Daga nan ya fara. Amma addu'a tana tafiya da sani. An ruwaito Sayyidina Umar (RA) yana hana wanda bai san hukuncin ciniki ba ya yi saye da sayarwa a kasuwar Musulmi. A zaurukanmu ana karanta Risala, a daɗe a kan tsarki da salla, in an iso babin ciniki rabin ɗalibai sun watse, alhali a cikinsa za su yini har su mutu. Wannan laifinmu ne mu malamai.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ƙarami ne ko babba, da ajalinsa da shaidunsa. Mai shayinmu ya rubuta suna da kuɗi, bai rubuta rana ba, bai kuma sa wa kowa iyaka ba. Wanda zai ba da bashi ya yanka wa kowane mutum abin da ba zai wuce ba, ya faɗi ranar biya tun a farko, in ranar ta zo ya tambaya, domin neman haƙƙi ba rashin kunya ba ne. Ya halatta ya nemi jingina. Ya halatta kuma, a wurin jumhurun malamai, kuɗin bashi ya fi kuɗin hannu in an tsaya a kan farashi ɗaya tun wajen ƙulla ciniki. Abin da yake haram shi ne a ƙara wa mutum kuɗi daga baya don ya yi jinkiri, wannan shi ne cin kuɗin ruwa. Sa'an nan ya raba aljihun jari da aljihun cefane, ya san abin da ya ci riba ne ko uwar kuɗi. In kuwa wanda ya saba ja ya zo, a tarbe shi da fara'a a gaya masa yau babu hali. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ana iya hana mutum bashi ba a wulaƙanta shi ba.

Wani zai ce, Malam, in na hana su za su ce na yi rowa, su daina zuwa. Gaskiya ne, wasu za su daina. Shi ya sa wannan magana ba ta mai tebur kaɗai ba ce. Fatoman da bai yi aikinsa shi kaɗai ba, gari ne duka ya yarda cewa mai cinye bashi ba shi da fuska. Yau kuwa mai tambayar kuɗinsa ake kallo da ido, mai cinyewa a ba shi wurin zama.

Littafin yana nan a zaurenmu. Matar mai shi da ƴaƴanta suna nan cikin unguwa, tana ƴar sana'ar ƙosai da safe. Tun da muka fara taɓa zancen a karatun magariba, wasu sun zo sun biya an soke sunansu, Allah ya yi musu albarka. Wanda ya san yana ciki, ko yana shakka, ya same mu bayan isha'i shi kaɗai, ko ya aiko da amintacce; ba za a tambaye shi dalilin jinkiri ba, wani kuma ba zai ji ba. Wanda ba shi da hali ya zo ya faɗa, za mu nema masa afuwar mai haƙƙi ta waya, ko a raba masa kaɗan-kaɗan.

Saura suna ɗaya da ya fi damunmu. Mai shi mun yi masa salla bara, an kuma riga an raba gadonsa. Allah ya gabatar da biyan bashi a kan rabon gado a cikin Suratun Nisa'i, kuma muna kyautata zaton magadansa ba su san da wannan ba, tun da ba a zo da littafin ba ranar da aka yi cigiyar masu binsa. Za mu je mu same su da kanmu cikin makon nan in Allah ya so. Muna roƙon duk gidan da aka yi rashi a ƴan shekarun nan, su aika wajen mai tebur da mai awo da mahaucin unguwarsu a duba musu, domin ƙananan masu sana'a ba su iya tsayawa a gaban makoki su ce ana binsa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sauke mana nauyin da ke wuyanmu, ya maido matafiyanmu gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.